Shayin Gyangyaɗi

Da hantsin Litinin Sufeto Isyaku ya isa wata masana'antar madarar gari a Sharada, inda aka kai ƙarar ɓacewar kaya daga sito. Ƙofa lafiya lau, kwaɗo ba a taɓa shi ba.

Manaja, Alhaji Ɗayyabu, ya rantse babu abin da ya fita ranar Asabar sai shara. Yana magana yana kallon takalminsa.

A bayan ƙofar sito Sufeto ya tsinci wata sitika mai hoton kofi, an rubuta Shayin Gyangyaɗi. Ya tambayi Lidiya, mai buga tambarin kaya, ko wane kamfani ne wannan.

"Babu shi a duniya, ranka ya daɗe. Na wasan barkwanci ne a talabijin. Duk wanda ya sha sai ya ɓingire a bakin aiki."

Ta ce ba ta san wanda ya buga ba. Da ya ce to su ƙarasa maganar a caji ofis, sai ta amsa ita ce. Ita da sauran ma'aikata sun daɗe suna manna wa Malam Labaran, dattijon direban kamfanin, a kujera da kwanon abinci, har a bayan riga, saboda yawan gyangyaɗinsa.

Maigadi Uwaisu, mutumin Maraɗi, bai san wasan ba. Ya ce ya ga katan-katan a motar Labaran, amma sunan jikinsu ba na kamfani ba ne. Kuma Manaja da kansa ya ɗaga masa hannu ya buɗe ƙofar fita.

Sufeto ya koma ofis. Alhaji Ɗayyabu bai yi musu ba, ya miƙo waya. A bidiyon da ke ciki ga Labaran yana lodin katan-katan da aka liƙe da sitika, ma'aikata sun kewaye shi suna tafi, Manaja na rera waƙar tallan. Sufeto ya kama kansa yana murmushi.

"Mun zaci fanko ne zai kai bola," in ji Manaja.

"Ba wanda ya kama masa, ya ji nauyinsu?"

"Babu."

A Na'ibawa Sufeto da Manaja suka sami Labaran a gidansa, kayan jibge a zaure, ko ɗaya bai buɗe ba. Daga cikin gida ana jin tarin mace.

"Ni ne," in ji Labaran. "Da safen Asabar na cika su da madara. Matata ciwon ƙoda gare ta, a zaune nake kwana a kanta. Ba wanda ya taɓa tambayata abin da ke sa ni barci. Na zo da su don kuɗin magani, kunya ta hana ni kai su kasuwa."

Manaja ya juya baya yana share gumi. Sufeto ya mayar da ankwa aljihu, ya buɗe wa Labaran gaban mota.

Labaran ya roƙi alfarma a bar shi ya nuna wa maƙwabciya maganin da ake ba matarsa da la'asar. Sufeto ya kasa haɗa ido da shi.

"Ku shiga gida, Baba. Ina nan."