Bangon da Mama Ke Gani

Auta na durƙushe a tsakiyar falo tana naɗe kofuna da tsohuwar jarida, mijinta kuwa yana tsaye bakin taga ya ba ta baya, wai yana duba ko motar kwashe kaya ta iso. Ba motar yake dubawa ba, hawaye yake ɓoyewa. Ita ma ta sani, shi ya sa ta dinga murza jaridar da ƙarfi don ya samu ya ja hanci ba tare da ya ji kunya ba.

Dogo ake ce masa tun yana yaro, sunan ya bi shi har ofis. Kamfanin ɗab'in da yake wa aiki ya rufe, ya yi yawon neman wani aikin har takalminsa ya siɗe, bai samu ba. Abin da ya riƙe gidan duk tsawon lokacin nan shi ne sana'ar Auta. Dilar gwanjo take saye, jakunkuna da takalman mata, ta fasa, ta ware, ta wanke, ta goge, ta ɗauki hoto ta saka a shafinta na intanet, masu so su yi oda ta aika musu. Sana'ar tana ciyar da su da 'yarsu ƙarama, amma ba ta iya ɗaukar nauyin babban gida a birni. Da tura ta kai bango suka zauna suka yanke shawara: a sayar da gidan, a sayi ƙarami mai araha a wani ƙauye da ke bakin babbar hanya, abin da ya rage ya zama jari.

"Mu faɗa wa Mama kafin motar nan ta zo," in ji Auta, ba tare da ta ɗago kai ba. "Ko a waya ne."

"Ba yanzu ba. Kin san hawan jininta. Ki bari in samu aiki tukuna, sai in je da kaina in yi mata bayani."

Hawan jinin gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba. Mahaifin Dogo ne ya sayi filin, ya rasu bai ɗora ko bulo ɗaya ba. Mahaifiyarsa Mama ce ta sayar da ɗan abin da ta mallaka aka zuba harsashi, Dogo ya ƙarasa ginin da albashinsa. Duk wanda ya zauna da tsohuwar nan na ɗan lokaci sai ya ji labarin gidan ɗanta. Dogo ya gwammace komai ya same shi da ya tsaya gabanta ya ce ya kasa. Akwai mazan da yunwa ba ta ba su tsoro kamar a ce sun gaza, shi kuwa yana sahun gaba a cikinsu.

Mama tana zaune a wani gari mai nisa, wurin babbar 'yarta da kowa ke kira Yaya Babba. Tsakaninta da Auta ba irin zaman suruka da matar ɗa ba ne. Auta marainiya ce ta wajen uwa, kuma tun ranar da ta shigo gidan Mama ta ce ta samu ɗiya. A duk abin da ke cikin waya, abu ɗaya tsohuwar ta koya: buɗe sitatus ɗin Auta, inda take saka hotunan kayan sana'arta. Kowace safiya sai ta sa tabarau ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ba jakunkunan take kallo ba, me za ta yi da jaka mai sarƙa? Abin da ke bayansu take kallo: bangon falo mai shuɗin fenti, da labulen da ita ta zaɓa musu, da ƙafar jikarta idan ta faɗo cikin hoton. Da ta gani sai hankalinta ya kwanta, ta yi musu addu'a.

Dogo ya san da haka. Saboda haka kafin su miƙa makulli ya kankaro ɓawon fenti daga bangon falon, ya ƙunshe a takarda, ya kai wa mai haɗa fenti. A gidan ƙauyen, mai ɗaki biyu da rufin kwano da ya sha duniya, ya zaɓi bango ɗaya ya shafe shi da siminti, ya yi masa shuɗin nan sak. Ya buga ƙusa ya rataye labulen, alhali babu ko taga a bayansa. Sauran bangayen uku ya bar su da tsagunsu.

"Nan za ki riƙa ɗaukar hoto," ya ce. "In Mama ta kira bidiyo, nan za mu tsaya. Na ɗan lokaci ne, Auta, don Allah ki rufa mini asiri."

Ta dube shi, ta ga yadda ya rame, ta ga fenti har a gashin bakinsa. Tana son mutumin nan, so na tausayi da sabo, irin wanda ke hana mace cewa a'a ko da ta san a'a ce daidai. Ta amsa da to.

Zaman ƙauye bai zo mata da sauƙi ba. Sabis ba ya kamawa sosai sai a bakin ƙofa, nan take tsayawa da waya a sama tana jiran hoto ya tafi. Ruwan wankin kaya daga famfon unguwa ake ɗebo shi. In an yi oda sai ta ɗaure ƙunshi, ta goya yarinya, ta taka har bakin titi ta jira direban da zai karɓi saƙo, wani ya karɓa, wani ya wuce ta kamar bai ga mutum ba. Kwastomomin da suka saba samun kayansu a yini suka fara ƙorafi, wata ma ta rubuta mata a fili cewa ta zama 'yar damfara. Da damina ta sauka rufin ya fara yoyo daidai kan dilar, sai ta lulluɓe kayan da ledar da ya kamata ta rufe gadonsu. Dogo yana fita neman aiki, ya dawo da yamma hannu rabbana.

Duk wannan ta iya ɗauka. Abin da ke cin ranta shi ne kiran Mama. Da wayar ta yi ƙara sai ta ruga gaban shuɗin bangon, ta gyara ɗankwali, ta saki fuska. Wata rana jakin maƙwabta ya ɓarke da kuka ana tsakiyar hira, Mama ta tambaya ko birnin ma an fara kiwo ne. Auta ta ce talabijin ne, suka yi dariya tare. Da aka kashe wayar ta zauna a ƙasa ta yi kuka har yarinyar ta taya ta.

Ta sha roƙon Dogo su je su faɗa. Kullum amsar ɗaya ce, wata mai zuwa.

Ido na uwa kuwa ba ya tsayawa kan fenti kaɗai. Mama ta lura hannun da ke riƙe jakunkunan a hoto yana ta sirancewa, har awarwaron ya fara sauka zuwa tafin hannu. Ta tambaya aka ce mata azama ce ta sana'a. Ba ta yarda ba. Ta ce wa Yaya Babba yarinyar nan ba ta da lafiya tana ɓoyewa, su shirya su je ba tare da sanarwa ba, don in an sanar za ta tashi ta yi ta hidima.

Suka iso gidan birnin da hantsi, da kayan tsaraba niƙi-niƙi. Ƙofar gidan ta canja launi. Wani maigadi ya leƙo ya tambaye su wa suke nema, Mama ta ce masa ya matsa, gidan ɗanta ne. Matar sabon mai gidan ce ta fito, mace mai mutunci, ta sa aka kawo wa tsohuwar kujera da ruwa a bakin ƙofa, ta yi musu bayani a hankali cewa tun kafin damina suka saya.

Mama ba ta sha ruwan ba. Ta ce Yaya Babba ta kira mata Auta, kiran bidiyo.

Auta tana tsakiyar goge takalma ta ji ƙarar, ta ruga wurin da ta saba.

"Ɗiyata, kina ina?"

"Ina gida, Mama. Ga ni a falo."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon shuɗin bangon da labulen da ta zaɓa da hannunta.

"To fito ki buɗe mini," ta ce. "Ina ƙofa."

Wayar ta suɓuce daga hannun Auta.

Washegari aka tara su a gidan Yaya Babba. Ita ta yi yawancin maganar, kuma ba ta rage komai ba. Ta ce dama ta san wannan sana'ar waya ba za ta haifar da alheri ba, an sa ƙaninta ya sayar da gumin iyayensa don a sayi tsummokaran gwanjo, sannan aka zauna ana yi wa tsohuwa wasan kwaikwayo kullum safiya. Wa ke saka hotunan? Wa ke tsayawa gaban labule tana murmushi? Mama ta ɗaga mata hannu, ta juya wurin ɗanta ta tambaye shi dabarar wane ne wannan bango.

Dogo ya sunkuyar da kai, ya zuba wa tabarma ido. Kalma ɗaya ake nema a bakinsa, ya kasa fitar da ita. Auta ta jira shi, ta ƙara jira. Tana iya buɗe baki ta wanke kanta, amma ta san in ta tona shi a gaban uwarsa da yayarsa, ba zai sake iya ɗaga ido a gidan nan ba. Sai ta yi shiru ita ma, hawaye na zuba kan hannunta.

"Ki je gidan babanki tukuna," Mama ta ce, ba ta ko dube ta ba. "Ba na son in faɗi abin da zan yi nadama."

Ba ta ce ɗiyata ba. Wannan ya fi duk maganganun Yaya Babba yi wa Auta ciwo.

Ta koma gidan mahaifinta da yarinyar. Da aka tambaye ta abin da ya faru ta ce laifi ta yi, ba ta ƙara ba. Dogo ya koma ƙauye shi kaɗai da wayar sana'ar a hannunsa, don akwai odar mutane da ba a aika ba. A nan ya san abin da matarsa ke ciki. Ya tsaya a rana bakin titi direbobi na wuce shi, ya aika wa wata takalmi ƙafa ɗaya babba ɗaya ƙarama ta zage shi tas, ya ɗebo ruwa har kafaɗarsa ta sage. Kowace safiya kuma ya buɗe ido sai ya ga shuɗin bangon nan, aikin hannunsa, yana kallonsa. Bai cika wata ba ya shiga mota ya nufi wurin Mama.

Ya durƙusa ya faɗi komai: rufewar kamfanin, da fentin, da yawan roƙon da Auta ta yi masa, da cewa ɗan abin da yake aiko mata duk wata daga jakunkunan nan yake fitowa. Mama ta saurare shi har ƙarshe. Ta ce masa talauci ba abin kunya ba ne, ta san talaucin tun kafin a haife shi, amma namijin da zai bari a kori matarsa kan laifinsa yana zaune yana kallon tabarma, wannan ba ita ta raine shi ba. Ta tashi ta shige ɗaki ta bar shi a durƙushe.

Bayan 'yan kwanaki Auta na shanya a tsakar gidan babanta ta ji sallamar da ta sani. Ta saki rigar ta zube ƙasa. Mama ta zauna kan turmi tana haki, ta jawo jikarta jikinta.

"Ban zo kan maganar gida ba," ta ce. "Gida ƙasa ne da siminti, ya tafi ya tafi. Na yi kukansa na gama. Abin da ya ci mini rai, kullum ina miki addu'a a ɗakin da ba kya ciki. Kina can ruwa na zuba a kanki, ni ina nan ina godiya kina cikin daɗi. Da na sani ai da wata addu'ar zan yi."

"Ki yafe mini, Mama. Na ji tsoron kada ya tozarta ne."

"Na sani. Na kuma zalunce ki da na kore ki ban bincika ba, ke ma ki yafe mini. Tashi ki ɗauko mayafinki, ɗiyata, ki kai ni in ga inda kike kwana."

A ranar suka tafi. Mama ta zagaya gidan ɗaki-ɗaki, ta dubi rufin, ta ce a nemo mai gyara kafin a sake sayen dila. Ta kwana biyu tare da su tana taya Auta ware takalma, tana yi wa kowane mai tsini tsiya. Yaya Babba ma ta aiko da ban haƙuri, a taƙaice dai, yadda ta iya. Sannu a hankali sana'ar ta miƙe, Dogo ya ajiye girman kai ya zama shi ke kai saƙo bakin titi, har direbobi suka san shi.

Haƙurin Auta ya dawo mata da mijinta da uwar da ta kusa rasawa. Amma ya kamata masu tasowa su sani, haƙuri da rashi daban, haƙuri da ƙarya daban. Na farko ana cin ribarsa, na biyu kuwa ko an yafe sai ya bar tabo. In za ki rufa wa mijinki asiri, ki rufa masa a wurin duniya, kada ki taya shi ɓoye wa masu ƙaunarku halin da kuke ciki.

Mama ta yafe har cikin zuciyarta, kuma tana kiran Auta fiye da da. Sai dai har yau, duk lokacin da Auta ta ce mata lafiya lau suke, tsohuwar takan ce a hankali, "Ɗiyata, da gaske kike?"