Ɗorin da Sallau Ya Koya wa Inji

Safar-ji, safar hannun wasan kwamfuta mai sa a ji abin da aka taɓa, tana kama hannun mutum tamkar fatarsa. Da Sallau ya zura yatsunsa ciki, ya ɗora tabarau a fuska, sai zauren gidansa ya ɓace, ya tsinci kansa a gefen Fagen Maza, inda 'yan damben da kwamfuta ta zana suke jibgar juna har ƙashi ya karye. Duk wanda aka karya, wurinsa ake kawowa. Ta cikin safar yana jin ɗumin tsoka, yana jin bakin ƙashin da ya goce. Ya ja, ya murza, ƙashi ya zauna, taurari biyar su haska a sama.

Wasan kyauta ne. Safar kyauta, tabarau kyauta, har ƙofar gida Kamfanin Walƙiya Tara ke aiko da su a jirgin saƙo marar matuƙi. A Kano ta shekarar 2094, inda jirgin ƙasa ke bi ta saman rufin gidaje, rabin gari na cikin wasan nan, kuma ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da kamfanin ke ci a ciki. Mu dai a ce mana kyauta, ko guba ce hannu biyu za mu miƙa. An manta banza ba ta kai zomo kasuwa.

Shi Sallau yana da uzuri. Maɗori ne na gaske, gadon kaka da kakanni, shekara arba'in yana gyaran karaya a zauren nan. A gidansu ba a yanka wa ɗori farashi. Mahaifinsa ya ce masa, ranar da ka yi ciniki a kan ƙashin mutum, ranar hannunka zai mutu. Wanda ya warke ya kawo kaza, ko goro, ko addu'a kawai. Mutumin da ya tashi a gidan da kyauta take kyauta, ta yaya zai zargi wani don ya ce masa kyauta?

"Malam, tsofai-tsofai da kai kana wasan yara," in ji matarsa Uwani, duk la'asar in ta kawo masa fura.

"Ɗori nake yi. Hannu ba ya son zama."

Shekara uku ana haka. Wata Asabar da hantsi Lantana, 'yar ƙanwarsa da ke aikin injiniya a kamfanin, ta zo ta durƙusa ta gaishe shi, ta kasa ɗaga kai.

"Kawu, gobe za a buɗe rumfuna ɗari huɗu a gari. A kowacce akwai inji, ana ce masa Ɗorau. Yana gyaran karaya, amma sai an biya."

"To Allah ya sa albarka. Ina ruwana?"

"Hannunka ne a cikinsa."

Ta yi masa bayani dalla-dalla. A jikin safar-ji akwai ƙananan ma'aunai dubbai da ke naɗar duk motsin yatsa: ƙarfin ja, yawan murzawa, inda ake dakatawa. 'Yan damben wasan kuwa hotunan karayar mutanen gaske ne aka lulluɓe da zane. Shekara uku Sallau yana koyar da inji yana zaton taurari yake tarawa. Kuma ranar da ya fara wasan ya dangwala yatsa a wata doguwar yarjejeniya da bai karanta ba. Motsin hannunsa ya zama mallakar kamfani, daga sabon wata duk ɗorin da ya yi a zaure sata ce a idon doka.

Sallau ya miƙe. "Sata? Hannun ubana? Ni da ban taɓa karɓar ko sisi ba, su za su sayar da shi, sannan ni ne ɓarawo? Ke kuma kina ciki kina kallo!"

"Wallahi sai jiya na ga sunanka, Kawu."

"Har yanzu injin yana koyo a wurina?"

"Kullum. Abin da ka yi yau, kafin mako ya isa duk rumfunan. Ba a duba aikinka, da naka ake auna na sauran."

Da ma ta yi shiru a nan. Maganar ta shiga kunnen mai fushi, ta zauna.

Da la'asar ya sa safar. Aka kawo masa ɗan dambe mai karayar tsintsiyar hannu. Ya ja, ya murza, sannan da gangan ya kauce kaɗan, kamar faɗin ƙwayar dawa. Ido ba zai gani ba, amma ƙashin da ya haɗe a haka, mai shi ba zai ƙara dunƙule hannu ba. Taurari biyar suka haska. Ya yi tsaki, ya ce a kawo na gaba. Kwana arba'in yana wannan aika-aika, yana hango ranar da za a yi wa rumfunan ature.

Kamfanin ya ci amana, wannan ba musu, kuma Allah ya isa. Amma abin takaicin, dattijon da ya san ƙashi fiye da kowa a garin bai taɓa tambayar kansa hannun wa za a sa a cikin injin ba. Ai ba masu kamfanin ne ke faɗowa daga tsani ba.

Ranar wata Juma'a yana masallaci, Uwani ta zame a matakalar tashar jirgin ƙasan saman gidaje, ta dafa ƙasa da hannun dama, tsintsiyar hannun ta karye. Motar agaji ba ta tambayi matar wa ce ba, ta kai ta rumfa mafi kusa. Sallau ya dawo ya same ta zaune a tabarma, Ɗorau ya riga ya ɗora ta, hannunta cikin kwanson roba mai kulle kansa, wanda ba ya buɗewa sai bayan kwana ashirin da ɗaya. Ya gwada wuƙa, ya gwada zarto, ko gezau.

A ranar ya koma wasan yana ɗori daidai, kamar mai tuba. Ya kira Lantana ya faɗa mata gaskiya, ta kai maganar sama, aka ce mata taurari biyar ba sa ƙarya, a ci gaba da aiki. Mako uku abinci bai yi masa daɗi ba.

Da safiyar cikar kwanakin kwanson ya buɗe da kansa. Sallau ya ɗora babban yatsansa a tsintsiyar hannun matarsa, ya ji kaucewar nan, faɗin ƙwayar dawa, daidai inda ya saba sa ta. Ko a duhu zai gane aikinsa.

Uwani ta yi ƙoƙarin kama ludayi, ya suɓuce. "Malam, wane azzalumi ne ya koya wa injin nan ɗori?"

Lantana da ke tsaye a bakin ƙofa ta sunkuyar da kai.

"Ni ne," in ji Sallau.

Uwani ta dube shi. "Don ka ɓata musu?"

"Don in ɓata musu."

"To ga shi ka ɓata." Ta juya ga Lantana. "Mutum nawa?"

"Dubu biyu da ɗoriya, Inna," in ji Lantana a hankali.

"Yana gyaruwa?" in ji Uwani.

"Sai an sake karya shi," in ji Sallau.

Uwani ta naɗe bakin mayafinta ta cije, ta miƙa masa hannun ba tare da ta dube shi ba. Shekara arba'in yana haɗa ƙashi, bai taɓa karya ko ɗaya ba. Ya yi bisimilla, ya danna. Ƙarar ta fita har ƙofar gida, inda mutum shida suka riga suka yi layi, kowa rungume da hannun da ya ƙi dunƙulewa bayan ɗorin rumfa, ga takardar hukuma ta hana Sallau ɗori manne a bango a saman kawunansu.

Yana cikin ɗaure karan ɗori, jirgin saƙo ya sauka a tsakar gida, ya ajiye ɗan akwati, ya yi sallama da muryarsa mai zaƙi. Kamfani na taya gwanin Fagen Maza murna, in ji shi, ga sabuwar safar-ji, kyauta.