Tabon Dutsen Guga

Kwana uku ke nan Auta ba ta iya haɗiye loma. Tana tsugune a tsakar gida tana wanke kofi ɗaya tun ɗazu, kunnenta na ɗakin Baba, inda yake shaida wa Umma cewa yau zai kai ƙarar Injiniya wurin 'yan sanda, maganar aure kuma a bar ta.

Injiniya saurayinta ne, mai gyaran wuta, wanda ya sake wa shagon ɗinkin Baba wayoyi kyauta don neman fada a wurin suruki. Sati biyu bayan haka gobara ta tashi, ta cinye kekunan ɗinki da kayan mutane. Baba ya ce aikin yaron ne. Shi kuwa Baba, in ya ce dare ya yi da tsakar rana, sai dai ka kunna fitila. Tun da aka haifi Auta ba ta taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba.

Gaskiyar tana cikinta tana cin ta. Ranar gobarar ta shiga shagon lokacin da Baba ya tafi masallaci, ta jona dutsen guga za ta goge mayafinta, aka ɗauke wuta, ta fice ba ta zare ba. Baba ya dawo ya kulle shago, sannan aka maido da wuta.

Da safen nan Injiniya ya kira ta, ya ce ya tabbata wayoyinsa lafiya lau suke, amma ko sel ɗin 'yan sanda za a kai shi ba zai ƙaryata mahaifinta a gaban mutane ba. Wannan maganar ce ta karya mata zuciya.

Ta ji ƙarar makullan Baba. Ta tare ƙofa, ta durƙusa.

"Baba, ni ce. Ni na bar dutsen guga a jone."

Ta runtse ido tana jiran mari. Sai ta ji makullan sun faɗi ƙasa. Da ta buɗe ido, ta ga Baba zaune a bakin ƙofa, hularsa a hannu, kamar wanda ya tsufa a minti ɗaya.

"Ashe ke ce," ya ce a hankali. "Tun ranar na ga tabon dutsen a kan tebur. Na ɗauka ni na manta shi, sai na ɓoye shi a buhu na ɗora wa ɗan mutane laifin, don kada a ce tela mai shekara talatin a sana'a ya ƙone shagonsa da hannunsa. Ke tsorona ya rufe miki baki, ni kuwa girman kai. Ki yafe mini, Auta."

Ta fashe da kuka tana cewa shi zai yafe mata. Umma ta juya baya tana share ido da gefen zane.

Girma ba ya zubewa don uba ya ce ya yi kuskure, kuma gidan da ake tsoron faɗin gaskiya ya fi shago saurin kamawa da wuta. Baba ya ɗauko buhun daga ƙarƙashin gado, ya saɓa a kafaɗa, ya ce da Auta ta ɗauko mayafinta ta raka shi, domin shi bai ma san gidan su Injiniya ba.