Gonar Iya Kande a Sadakin Lauratu

Ku matso, jikokina, ku ji labari. Da hantsi ne, ruwa ya ɗauke, ƙasa sai ƙamshi take. Lauratu na zaune a tsakar gida tana tsinkar zogale, hannu na aiki, hankali kuwa ya tafi Kano wurin Mani, saurayinta mai karatun lauya. Saura wata biyu a ɗaura musu aure. Har ta gama jera ɗaki a zuci: labule ruwan ganye, kwanuka a kabad, ga Mani a bakin ƙofa yana ce mata "Madam" don ya ga ta rufe fuska.

Rediyon mahaifinta Malam Muntaka ce ta katse mata mafarkin. An gayyaci ɗalibai hira, sai ga muryar Mani. Yaron nan, Allah ya shirye shi, ya buɗe baki ya ce a ganinsa gara a yi dokar aure da gado guda ɗaya ga kowa, Musulmi da Kirista, a daina bambantawa saboda addini.

Malam kuwa shekara talatin shi ke rabon gado a ƙauyen nan na yankin Shanono. Ya kashe rediyon, ya ce wa matarsa Inna Hure a haɗa kayan sa rana a mayar, ba zai ba da 'yarsa ga wanda ya raina shari'a ba.

Lauratu ba ta yi musu ba. Kuka ta yi ta yi kwana bakwai, tana leƙen hanyar da ta ratsa cikin gero ko za ta hango farar rigarsa. Ran na takwas ya zo, suka tsaya gindin tsamiyar ƙofar gida, ta tambaye shi me ya kai shi.

Ya ce kakarsa ce, Iya Kande. Bamaguza ce mai zuwa coci. Ɗanta, wato mahaifin Mani, ya musulunta tun yana saurayi, ya sayi gona a bakin rafi, ita ke shuka kuɓewa da rama a ciki. Da ya rasu, Malam ya raba gado, ya ce tunda addini ya bambanta uwa ba ta gadon ɗanta. Tsohuwar ta saɓa fartanyarta ta koma wurin danginta.

"To gonar tana hannun wa yanzu?" in ji Lauratu.

"Hannuna."

"Barista, ka tafi gidan rediyo za ka gyara Najeriya, ga gona a hannunka shekara shida ba ka ce wa tsohuwa ungo ba?"

Ya ce ai duk wata yana aika mata shinkafa. Ta ce a buhun shinkafar za ta shuka kuɓewa? Mani ya sunkuyar da kai. Shi tun ranar rabon ya ɗauka abin da aka hana ta gada, an hana shi ba ta.

Lauratu ta shiga zaure ta durƙusa. "Baba, ana sadaki da gona?" Ya ce ana yi. Ta ce in ta zama tata, za ta iya kyautar da ita ga wadda ba Musulma ba? Ya ce babu mai hana ta. Sai ta faɗa masa komai.

Malam ya ajiye carbinsa. Ya ce rabon da ya yi daidai ne, ko gobe haka zai yi. Amma ya ga tsohuwar ta saɓa fartanya, ya san ƙofar kyauta a buɗe take, bai nuna wa marayan ba. Ya sa aka kira Mani.

"Tambaya ba laifi ba ce, ɗana. Amma ka fara kawo ta zaurena kafin ka kai ta rediyo."

Bayan kaka aka ɗaura aure, sadaki gonar bakin rafi. Da damina ta dawo, amarya da kanta ta riƙo hannun Iya Kande har cikin gonar, ta ce ta ba ta ita kyauta. Tsohuwar ta tsuguna ta damƙi ƙasa ta sunsuna, ta ce an bar mata wurin rama ya lalace.

Har yau Malam da sirikinsa ba su gama gardamar doka ba, duk Juma'a sai Inna Hure ta kawo fura ta raba su. Ni dai jikokina, ba ni da boko, amma ga abin da na gani: haƙurin Lauratu ne ya riƙe auren nan, kuma mai son a yi wa duniya adalci, ya fara duba abin da ke hannunsa.