Shafin Auta a Littafin Mai Gyaran Keke

"Karanta mata daga farko," in ji Umma. "Ki ɗaga murya, kunnena ba na yarinya ba ne."

Auta na zaune a bakin kujera, a falon matar da take sa ran za ta zama surukarta nan da wata biyu. Tun da ta shigo mararta ke murɗawa kamar ana matse tsumma, amma ba ta bari fuskarta ta nuna ba. Wadda aka ce ta karanta kuwa abokiyar aikinta ce a shagon ɗinki, wadda suke kira Mai Duwatsu saboda ita ke jera duwatsu a rigunan amare. 'Yar aminiyar Umma ce, kuma tun ba yau ba idonta ke kan ɗan gidan.

A hannunta akwai wani littafi mai baƙin bango, duk ya sha man inji.

Auta ta gane shi. Na Injiniya ne, saurayinta, ɗan Umma na fari, mai gyaran kekunan ɗinki. Kowane keke da ya taɓa yana da shafinsa a ciki: abin da ke damunsa, abin da aka gwada, da yadda aka ƙare.

Mai Duwatsu ta gyara murya.

"Auta. Uku ga wata: ba ta zo aiki ba, mara. Huɗu ga wata: ta zo, amma ƙafarta na tsayawa a kan feda. Shida ga wata: kafaɗu da baya, ta ce ko mayafi nauyi yake mata. An gwada ruwan zafi, bai yi ba. Tara ga wata..."

"Tsallake ki je ƙasa," in ji Umma.

"A wata guda, kwana goma sha bakwai ba lafiya."

Umma ta zare tabarau ta ajiye a cinya.

"Yarinya, ni ba ƙin ki nake ba. Kina da kunya, kina da hannu. Amma mata nake nema wa ɗana, ba jinya ba. Kuma wadda mararta ke haka, wa ya san ko za ta ba ni jika? Shi da kansa ya rubuta, ba ni na ƙirƙira ba."

"Umma, ai ina... ina samun sauƙi."

"Shafin da ke gaban naki," Mai Duwatsu ta ce a hankali, kamar mai tausayi, "na keken wata mata ne. Ya yi ta gwadawa. A ƙasa ya rubuta: ba ya gyaruwa, a mayar wa mai shi."

Sau biyu Auta ta yunƙura kafin ta iya miƙewa. Ta durƙusa ta yi sallama yadda ya kamata, ta fita. Sai da ta sha kwana ta dafa bango.

To bari in koma da ku baya kaɗan, 'ya'yana, don ku san inda abin ya faro.

Tun tana shekara goma sha huɗu ciwon marar nan yake kayar da ita duk wata. Aka ce haka mata suke. Aka ce in ta yi aure zai wuce. Bai jira aure ba, sai ma ya kira ɗan'uwansa: wani ciwo da ke yawo a jiki, yau wuya, gobe ƙugu, jibi tafin ƙafa, ga gajiya kamar ta kwana dakan dutse. An ɗebi jininta har ta daina ƙirga allura, kullum takarda ta dawo fes. Daga nan mutane suka fara kallonta ta gefen ido. Raguwa ce. Son jiki ne. Ita ma ta koyi cewa "lafiya lau" da haƙora a cije.

Ran nan uwar shagon ta kira mai gyara, wai keken Auta yana tsallake ɗinki. Ya zo da jakarsa, dogo, mai ƙarancin magana, farcensa baƙi ƙirin da mai. Bai taɓa keken ba. Ya ce ta taka ya ji. Ya karkata kai yana saurare, can ya ce,

"Keken nan lafiyarsa ƙalau. Mai taka shi ce ba ta da lafiya."

Shekara goma tana rantsuwa ba a yarda ba, ga wani ya ji da kunnensa ba ta ce uffan ba. Ku gaya mini wace zuciya ce ba za ta tafi ba?

Sai dai mai gyara mai gyara ne. Ya rage wa kujerarta tsawo. Ya ɗinko mata matashi. Yau ya zo da man shafawa, gobe da wani ganye da abokinsa ya ce ya yi wa matarsa, jibi da sunan wani mai tausa. Kullum da murnarsa: "Rabin raina, yau na samo wani abu." Ita kuma ta ga yadda fuskarsa ke faɗuwa in ta ce bai yi ba, sai ta fara cewa ya ɗan yi. Ba ta san yana komawa ya rubuta gaskiyar da kunnensa ya jiyo ba. Shi ma bai san Mai Duwatsu ta zare littafin ba, ranar da ya bar jakarsa a shago ya fita sayo bel ɗin keke.

Washegarin karatun nan na falon Umma, da la'asar, Injiniya ya zo gidan yayar Auta, inda take zaune tun rasuwar iyayensu. Littafin na hannunsa. Auta ta fito ta zauna a matakala, ta jingina da ƙarfe.

"Ni keke ce?"

"Rabin raina, tsaya ki ji..."

"Tambayarka na yi."

"Haka na iya kula da abu. Duk abin da na damu da shi sai na buɗe masa shafi. Ban yi don wani ya gani ba, wallahi."

"Na yarda. Me za ka rubuta a ƙasan nawa?"

"Za ki warke."

"In ban warke ba fa?"

"Za ki warke mana. Ai ban gama gwadawa ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Da ya yi shiru ma da ya fi.

"Ka ga, Injiniya, wadda kake so ba ta zo ba tukuna. Wadda ta warke kake jira. Ni kuwa wannan ce, ba ni da wata a ajiye. Ka gaya wa Umma ta kwantar da hankalinta."

Ya kama shafukan zai yage. Yaya, wadda ke bayan labule tun ɗazu tana kaɗa shayin da ya riga ya huce, ta fito ta fizge littafin.

"Kawo nan. Kai ka ɓata, ita ta ɓata, takarda ba ta yi laifin komai ba. Je ka, sai an neme ka."

Yaya mace ce da ba ta iya lallashi ba, amma ta iya ɗaukar mutum ta kai shi inda ya kamata. Sati bai zagayo ba ta sa Auta gaba har ofishin wata likitar mata da aka daɗe ana yi mata kwatance. Auta ta buɗe baki za ta fara labarin da ta gaji da maimaitawa, Yaya ta dire littafin a kan tebur.

Likitar ta karanta shafi ɗaya, ta koma baya, ta ɗauko kalanda tana ɗiga biro.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Wani mai gyaran keke," in ji Yaya.

"Da kowa na zuwa min da irinsa da aikina ya yi sauƙi. Kin ga nan? Wannan yana bin al'adarki. Wannan kuma ba ruwansa da wata, nasa yawon daban. Ina zargin abu biyu ne, ba ɗaya ba."

Aka yi hoto, aka yi gwaje-gwaje, daga baya aka yi mata ƙaramin aiki aka leƙa cikin da na'ura. Ranar da suka koma, likitar ta jawo kujera kusa da ita. Ta ce wani nama ne irin na cikin mahaifa yake tsirowa a inda ba wurinsa ba, duk wata ya kumbura ya yi ta azabtar da ita. Ɗayan kuma jijiyoyinta ne suke ƙara wa kowane zafi murya, shi ya sa ɗinkin riga ma yake iya zame mata wuƙa, kuma shi ya sa jini ba ya nuna komai.

"Ba ƙarya kike ba. Ba ki taɓa yin ƙarya ba."

Auta ta rufe fuska da mayafi.

"Zai warke?" Yaya ce ta tambaya.

"Za mu rage shi. Akwai magani, akwai motsa jiki a hankali, akwai koyon inda ƙarfinta ya tsaya. Amma ba zan ce miki zai tafi gaba ɗaya ba. Haihuwa kuma, wasu suna samu, wasu sai da wahala, wasu ba sa samu."

A mota Auta ta rasa ko kukan daɗi take ko na baƙin ciki, an ba ciwon suna, an kuma karɓe mata jiran warkewa.

Ranar da aka sa ta ɗaurin aure ta zo ta wuce. Ta koma aiki rabin yini. Mai Duwatsu ta fara zuwa da sabbin mayafai, tana amsa waya da ƙarfi, "To Umma, in na tashi zan biyo." Keke biyu suka lalace a shagon, wani tsoho ya zo ya gyara. Auta ta ce a ranta shi ke nan.

Bayan wata uku cif, ta fito daga shago da azahar ta gan shi tsaye a gindin fitilar titi. Babu jaka a kafaɗarsa. Ya rame.

"Yaya ta gaya min abin da likita ta ce."

"To ka ji. Ba ya gyaruwa."

"Na ji." Ya dubi hannuwansa. "Tun ranar nan nake juya tambayarki. Na so in zo miki da amsa mai daɗi, ban samu ba. Gaskiyar ita ce ban san yadda ake zama da abin da ba a gyarawa ba. Ban taɓa yi ba. Amma na gwada zama babu ke, shi ma ban iya ba, kuma wannan ba na son in koya. Ki koya min na farkon."

Ta zauna a bencin mai jiran mota, ya tsaya nesa kaɗan.

"Ba za ka ƙara kawo min ganyen matar abokinka ba."

"Na daina."

"In na ce ina jin ciwo, kada ka ce za ki warke. Ka ce sannu."

"Sannu."

"Ba yanzu ba, sarkin gaggawa. Akwai ranar da ko hannuna ba za ka riƙe ba sai ka tambaya. Akwai ranar da za ka dawo ba a ɗora komai ba. Kuma wataƙila... wataƙila ba za a taɓa kiran ka Baba ba."

Ya ɗago ya dube ta.

"Wannan zai yi min ciwo," ya ce. "Ba zan ɓoye miki ba. In ya yi, sai ke ma ki ce min sannu."

"Umma fa?"

"Ta ce in je in yi, amma kada in kawo mata ƙorafi. Kwana tara ke nan ba ta amsa gaisuwata."

Ba zan ce muku komai ya zama zuma ba. An ɗaura aure, Umma ta zo ta zauna kamar wadda aka aiko, ta tafi kafin a watse. Mai Duwatsu ta aiko a tambaya ko a jera wa amarya duwatsu, Auta ta ce a gode mata, nauyi suke mata. Da hannunta ta ɗinka rigarta, yadi mai laushi, ta juya haɗin ɗinkin waje ta rufe shi da zare mai kyau. Mata suka yi ta tambaya sabon yayi ne?

Wata safiya bayan sati shida ciwon ya zo da dukkan ƙarfinsa. Tana dunƙule a gado, gumi na bin wuyanta, ta riga ta sha abin da likita ta rubuta, saura jira. Ta ji yana kai kawo a ɗakin. Ya taɓa labule, ya gyara fanka, ya buɗe baki ya rufe.

"Me zan yi miki, rabin raina?"

"Kada ka yi komai. Zauna."

Ya zauna a ƙasa, kusa da kanta. Minti biyar, minti goma. Da ta samu ta buɗe ido sai ta gan shi ya wani sandare, kafaɗu a ɗage, kamar ɗalibin da aka sa horo.

"Ina hannuwanka?"

"Na zauna a kansu."

Dariya ta taso mata, ta ja marar, ta cije leɓe hawaye na gangarowa.

"Sannu," ya ce.

Ta miƙo yatsu biyu daga cikin bargo.

"Zaro ɗaya. A hankali."