Nafi'u Ya Ƙi Baro Gona

Rariya, na'urar tantance ɗalibai, ta kunna koriyar fitilarta, ta ce cikin sanyin murya, "Lantana Auyo, jami'a ta karɓe ki."

Zauren Jami'ar Sabon Dala ya kaure da guɗa. Lantana ba ta taɓa cin jarrabawar shiga ba, domin da ta ga takarda sai komai ya ɓace mata. Amma famfunan sola da take gyarawa su ke shayar da shinkafar garinsu.

Dakta Uwani Gwadabe ce ta ƙera na'urar, bayan majalisar birni ta mai da jarrabawa ganin dama. Mai so ya rubuta. Wanda bai so ba, Rariya ta duba aikin hannunsa ta hotunan tauraron ɗan'adam da shaidar maƙwabta, ta tankaɗe, ta fid da tsaki. A shekarar farko 'ya'yan masunta da majema suka cika azuzuwa.

Abin bai yi wa Alhaji Maikano daɗi ba, mai kamfanin motocin sama. Ɗansa Nafi'u ya faɗi jarrabawa duk da malaman gida, kuma bai taɓa ɗaga ko tsinke ba. Sai Alhaji ya tura shi Auyo ya yi damina guda, don na'ura ta gan shi cikin taɓo.

Dabarar ta ci. Rariya ta karɓi Nafi'u.

Ranar buɗe makaranta sai ga Alhaji a ofishin Dakta Uwani, hula a karkace, ya kunna mata hoton bidiyon ɗansa a bango. Yaron ya yi baƙi, ya yi ƙwanji, yana ta dariya.

"Baba, a ba wani gurbin," in ji Nafi'u. "Shinkafata ta fara ƙosawa. Wa zan bar wa tsuntsaye?"

"Kin gani ko, Dakta?" Alhaji ya ce. "Na aike shi ya yaudari injinki, gona ta sace mini ɗa!"

Dakta Uwani ta yi dariya har da hawaye. Alhaji ya daure, ya daure, shi ma ya fashe.

"Alhaji, injina bai yi kuskure ba. Yaron ya iya noma."

Kafin kaka ta ƙare, labari ya zaga birni. Attajirai suka yi ta sauka Auyo a motocin sama, suna sayen fadamu daga hannun talakawa saboda 'ya'yansu. Dakta Uwani ta zauna gaban Rariya, ta rasa yadda za ta koya mata bambanta gumin wanda ya sayi gona da na wanda ya rasa ta.