Tulun Apo Eufrosina

Da hantsi Manang Perpetua ta kira caji ofis, ta ce an sace tulun kakarta. Insifekta Dumlao ya ɗauki hularsa ya fita. Ba direban da ke bin hanyar Vigan zuwa Laoag da bai san masaukinta ba.

Kakar, Apo Eufrosina, ita ta kafa gidan tun ana jigilar taba da gishiri a keken shanu. Ta cika tulun da basi, giyar rake, ta liƙe bakinsa da yumɓu, ta ce kada a buɗe sai gidan ya shekara ɗari. Lokacin yaƙi sojoji sun kwashe kaji har da katifu, tulun ya tsira a cikin ƙaiƙayi. Yau ce ranar buɗe shi. An kafa rumfuna, makaɗa sun iso, magajin gari yana hanya.

Insifekta ya duba kwaɗon siton da ake ajiye tulun, lafiyarsa ƙalau. A ƙasa sawun mutum ɗaya ne, kuma babu alamar an ja wani abu. Tulun da ya kai ƙugu, in cike yake sai ƙarti uku za su iya ɗaga shi.

Ya fara da mijin Manang Perpetua, Lakay Doro, wanda ya rantse jiya a coci ya wuni. Insifekta ya zare gashin zakara daga kafaɗar rigarsa.

"Zakarun ma addu'a suka je?"

Tsohon ya rage murya, ya roƙi kada uwargida ta ji ya koma kallon faɗan zakaru.

Saura Manong Isko, kukun gidan na shekara talatin. Ya ce shi da sito ko a mafarki. Insifekta ya ciro wani ludayi a bayan murhu, mariƙinsa ya fi kamu biyu. Ya shinshina, tsami ya bugi hancinsa.

"Wace tukunyarka ce mai wannan zurfin, Manong?"

Manong Isko ya dubi tukwanen ɗaya bayan ɗaya, sai ya zauna a kan turmi ya fara bayani. Shekarar da aka yi girgizar ƙasa ce yumɓun ya tsage. Da ya leƙa, ya tarar giyar ta zama ruwan tsami. Ya gwada kaɗan a farfesun akuya, tun daga nan motoci suka fara layi a ƙofar gida. Da ludayi da ludayi, watan jiya ya ƙare. Tsoron kora ya sa ya ɓoye tulun a gindin ayaba.

Manang Perpetua tana tsaye a bakin ƙofa, ta ji komai. Ta daɗe tana kallonsa, can dariya ta ƙwace mata har ta dafa bango.

"Ashe duk lardin nan ya riga ya sha tulun Apo."

"Har da ni, ranar aurena," in ji Insifekta. "Kwano biyu na ci."

Manong Isko ya miƙa hannuwa a saka ankwa. Ta ce ta janye ƙara, amma da sharaɗi: shi zai ɗauki tulun zuwa rumfa, ya karɓi lasifika ya faɗa wa jama'a da bakinsa.

Aka ciro tulun daga gindin ayaba, Insifekta ya kama damtsen Manong Isko suka nufi wajen makaɗa, kukun yana rungume da tulu yana turjewa.

"Yallaɓai, don Allah gara ka kai ni caji ofis."